Darasi na 17: Fita da yara wurin wasa, shirin jaka da shirin aljihu

Lokaci: minti 45 zuwa awa ɗaya, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Kayan aiki: jakar Bakko ko wata babbar jaka, allo da alli ko babbar takarda, duwatsu ko ƙwallon dabino na lissafi, da kayan gida kamar goma sha biyar da jagora za ta zo da su (buta, zane, leda, kula, sabulu, tocila, takalmi mai tsini, sarƙa, da sauransu).

Ga jagora: a yi wannan darasi wata biyu ko uku kafin Sallah ko Kirsimeti. In aka bari sai ana saura mako ɗaya, rabin amfaninsa ya tafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya kawo maganar lilo cikin littafin adashi?

Wata za ta yi wannan tambayar, kuma tana da gaskiya. Amsar tana cikin littafin bashi na ƙungiya. Ku buɗe shi ku duba makonnin da suka biyo bayan Sallah, ku ga su wa suka makara da biya, su wa suka rage hannun da suke zubawa daga biyar zuwa ɗaya. Kayan Sallah da abincin Sallah kowa yana lissafinsu tun da azumi. Fitar yara kuwa ba mai sa ta a lissafi. Ranar ce kawai yara za su tashi da kuka, 'ya'yan maƙwabta sun tafi gidan zu, uwa ta ɗaga katifa ta zari kuɗin sarin gyaɗa, a fita. Da yamma a dawo aljihu wayam, ƙaramin yana amai, takalmin babbar ƙafa ɗaya ya ɓata. Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, in ji masu iya magana, kuma ba ma son kowace 'yar ƙungiya ta zama ita ake nufi.

Ba hana fita muke yi ba. Yaron da ya shekara yana tallan awara bayan makaranta, ko yarinyar da ta shekara tana rainon ƙannenta, sun cancanci wuni ɗaya na hawa lilo da ganin jimina. A Kano akwai gidan zu na Audu Bako a titin Zoo Road, wanda ke cika maƙil a ranakun Sallah. A Abuja akwai Magicland kusa da ƙofar shiga gari, wanda da ake kira Wonderland, ga kuma Millennium Park da aka buɗe a 2003, wurin shimfiɗa tabarma a ci abinci a inuwa. Jos na da gandun namun daji. A Yamai gidan tarihi na Boubou Hama yana da ɓangaren dabbobi. Garuruwa da yawa kuma suna da ƙananan wuraren wasa na 'yan kasuwa, masu lilo da motocin karo da gidan tsalle na iska. Duk inda za a je, shirin kusan ɗaya ne.

Fara da tambaya

Tambayi 'yan ƙungiya: “Wace ce ta taɓa kai yara irin wannan wuri? Nawa kika fita da shi, nawa kika dawo da shi? Me kika ce da na sani da na taho da shi?” Bari mutum uku ko huɗu su yi magana. Kada ki gyara wa kowa. Rubuta abin da suka ambata a allo, za a dawo kansa.

Abin da ake fara sani kafin a ɗauko jaka

A aiki wani ya je ƙofar wurin, ko a tambayi wadda ta je kwanan nan, a samo amsar abu huɗu. Nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro? Kuɗin shigar ya haɗa da hawa kayan wasa, ko kowane lilo da tikitinsa? Ana barin mutum ya shiga da abinci da ruwa daga gida? Ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa? A kuma tambaya ko farashin ranar Sallah daban yake da na sauran ranaku.

Tambaya ta biyu ita ce ramin da yawancin iyaye ke faɗawa. Kuɗin ƙofa yakan zama kaɗan, sai an shiga ne za a tarar kowane abin hawa da nasa kuɗin, kuma yaro huɗu kowa yana nuna nasa da yatsa. Ta uku kuma ita ke yanke hukuncin abin da zai shiga jaka. Inda ba a yarda a shiga da abinci ba, sai a ci a ƙoshi a gida, a bar kula a hannun wata a waje ko a cikin mota, a roƙi masu gadi su bar ruwa da abincin jariri.

Sai maganar gida. A sanar da maigida da wuri, a faɗa masa jimillar kuɗin, ba ranar da aka shirya yara suna tsaye a zaure ba. Namiji ya fi sakin hannu in aka ce masa “Baban yara, kuɗin mota kawai muke so ka ɗauka, sauran na tara” a kan a ce masa “kawo kuɗin fita”. A gidan da ake da abokiyar zama, a zauna a yi maganar tare. Ki kwashi naki ki bar nata suna leƙe ta ƙofa, kin sayi rigimar da za ta fi kuɗin lilo tsada. Ɗan maƙwabta kuma kada ya biyo ku sai uwarsa ta sani da bakinta, ta kuma ba da lambar waya.

Lissafi

Yi wannan a allo, ko da duwatsu in yawancin 'yan ƙungiya ba sa karatu: dutse ɗaya naira 500. Lambobin nan misali ne kawai, ku goge ku sa farashin garinku na yau, musamman kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ya zama wuri ɗaya.

A ce uwa ce da ƙanwarta da yara huɗu. A-daidaita-sahu zuwa da dawowa, 4,000. Kuɗin shiga, manya biyu a 500, yara huɗu a 300, ya kama 2,200. Kowane yaro ya hau abu biyu a 500, 4,000 ke nan. Abinci da ruwa daga gida, 5,000. Ayis kirim ko alawa, yaro ɗaya 300, 1,200. Kuɗin ko-ta-kwana, 2,000. Jimilla 18,400.

In aka faro saura mako takwas, 2,300 ne a mako. In saura mako goma sha biyu ne, 1,550 ya isa har da ɗan canji. Wannan kuɗi a asusu daban yake shiga, gwangwani ko na ƙasa, ba a rage hannun zubi saboda shi.

Yanzu ku sake lissafin, a ce ba a tafi da komai daga gida ba. Faranti shida a 1,500 ya kama 9,000. Lemon kwalba ko ruwan roba sau biyu ga kowa, a 500, ya kama 6,000. Ga 15,000 a maimakon 5,000. Bambancin 10,000 ne. In hannu ɗaya a ƙungiyarku 500 ne, hannu ashirin ke nan, wato zubin mako huɗu cur na mai zuba hannu biyar. Ki tsaya a nan kaɗan, ki bari su kalli duwatsun.

Wata za ta ce, “To in na ci bashi a akwati fa?” Tsarin mulkin ƙungiyarku shi zai ce e ko a'a, amma a yi mata lissafin a gaban kowa. In ƙungiya tana karɓar kuɗin hidima kashi 10 cikin 100 a wata, 18,400 na wata uku zai zama 23,920. Bashin da aka sari kaya da shi, kayan ne ke biyansa. Lilo ba ya biyan komai, daga ribar ƙosai za a cire. Asusun taimako kuwa na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa, ko kusa ba a taɓa shi don yawo. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda rabon ƙarshen zango ya faɗo mata kusa da Sallah ta ware kuɗin fitar tun a ranar rabo, kafin ta isa gida 'yan “ara mini” su ji labari.

Akwai wani kuɗin da ake mantawa da shi: barka da Sallah da yara ke samu a gidajen 'yan uwa. Mun san inda yake zuwa. “Kawo in ajiye maka”, shi ke nan, an yi sallama da shi. Gara a ƙirga shi a gaban yaron, a ce masa wannan na lilonka ne, hawa biyu zai yi, zaɓi wanda kake so. Yaron da ya san kuɗinsa ne ke fita ba ya birgima a ƙasa don hawa na uku, ko ya yi ma ba ta daɗewa.

Ruwa

Shi ne farkon abin da ke shiga jaka, kuma shi ya fi komai nauyi. Sallah tana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, babba kuma farkon Yuni, wato tsakiyar zafi, lokacin da a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin rana kan haura digiri 40. Yaro yana guje-guje ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai ya galabaita.

A yi lissafin aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum. Mutum shida lita tara ke nan. Jakar fiya wata guda tana da ƙulli ashirin, kowanne rabin lita, wato lita goma, ta isa. Amma nauyinta kilo goma ne, kada mace ɗaya ta ɗauka ga goyo. A raba: kowane yaro da ya kai shekara bakwai ya rataya 'yar jakar makarantarsa da ƙulli uku ko gorarsa. In akwai wuta, a sa rabi a firiza tun dare su daskare. Su za su zama ƙanƙarar da za ta riƙe sanyin sauran, kafin azahar sun narke an sha. In ruwan gida za a ɗura a jarka, a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, jarkar kuma ba wadda aka taɓa zuba kalanzir ko fetur ba.

A riƙa ba yara ruwa bayan kowane wasa, ko sun nema ko ba su nema ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kawai, ko da zafi ya kai ina. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta riƙa ba shi akai-akai a inuwa. Gaskiya ma, in da mai riƙe miki manyan yaran, mai ɗanyen goyo ta zauna a gida ya fi.

Ruwan wanke hannu da na bayi daban. Ba kowane wuri ne famfonsa ke zuwa ba, ranar cinkoso kuwa ko yana zuwa layi ne. Buta ɗaya cike, da gutsuren sabulu a leda.

Abinci

Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. A zafinmu ma abin ya fi haka sauri. Saboda haka abincin fita iri biyu ne: wanda za a ci da wuri, da wanda zai iya wuni.

Na ci da wuri shi ne dafa-duka ko taliya ko waina. A dafa da safiyar ranar, ba kwanan tukunya ba, a zuba a kula yana tururi, a rufe, kada a yi ta buɗewa ana ɗiba. A ci shi a zama ɗaya kafin azahar. Abin da ya rage kada a mayar da shi gida a ba yara da dare. Mun san zubar da abinci yana da ciwo, shi ya sa ake auna daidai cikin mutane tun daga gida.

Masu wuni su ne busassu da soyayyu: cincin, dubulan, alkaki, ƙuli-ƙuli, dambun nama, naman Sallah da ya soyu ƙarau, biredi, gurasa, dabino. Lemon zaƙi da ayaba suna da bawonsu, ba ruwansu da ƙura. Dafaffen ƙwai a bar shi da ɓawonsa, a ci shi da wuri. Kankana a tafi da ita ba a yanka ba in za a iya ɗauka, in an yanka a cinye.

Waɗanda za a bari a gida: kunun aya, wanda ba ya jure zafi ko kaɗan, fura da nono in ba cikin ƙanƙara ba, alale, kwaɗon ganye, da duk abin da aka sa wa mayonis. Zoɓo ya fi su haƙuri, amma shi ma a daskarar da shi.

Gyaɗa da aya da alawa mai tauri ba na yaron da bai kai shekara huɗu ba ne, balle yana gudu ko yana kan lilo, suna sarƙe maƙogwaro. Kuma kada a cika wa yaro ciki a ɗora shi kan abin da ke juyawa. A hau tukuna, a ci daga baya, ko a ci a huta rabin awa.

A haɗa da faranti ko roba biyu, cokula, kofi, ƙaramar wuƙa a naɗe cikin tsumma in masu gadi suna bari, da leda uku ko huɗu: ta shara, ta jiƙaƙƙun kaya, da ta amai a mota.

Sutura

Nan ne za a yi gardama, ki shirya. Kowa yana son a ga ɗansa cikin kayan Sallah. To a sa, a ɗauki hoto a gida, amma a duba abu uku.

Takalmi sabo yana cin ƙafa, kuma wurin wasa tafiya ce ta awa uku ko huɗu. Yaro ya sa wanda ƙafarsa ta saba da shi, mai maɗauri, ba silifas da zai fice daga kan lilo ba. Safa tana da amfani a gidan tsalle, domin takalmi ake cirewa kuma robar tana ɗaukar zafi da rana. Uwa ma ta bar mai tsini a gida. Ba a bin yaro da gudu a kansa.

Na biyu, kuma wannan maganar rai ce: dogon hijabi, da mayafi, da gyale, da igiyar wando mai reto, duk suna iya shiga cikin ƙarfen injin da ke juyawa ko tayar motar wasa. In ya kama, wuya yake ja. Yarinyar da za ta hau ta sa ƙaramin hijabi, ko a tattare dogon a cusa cikin riga a ɗaure, a sa mata wando a ƙarƙashin doguwar riga. Haka ma a cikin a-daidaita-sahu da kan babur, a tattare bakin mayafi a riƙe a cinya.

Na uku, gwal da sarƙa mai tsada da agogo su kwana a gida. Cikin turmutsutsu ɗan kunne yake fita daga kunnen yarinya ba wanda ya gani.

A jaka kuma: kayan canji ɗaya ga duk yaron da bai kai shekara shida ba, wando biyu ga mai koyon fo, famfas ko nafkin fiye da yadda kike zato, audugar mata ko da ba lokacin ba ne, hula, lema, da zane biyu. Zane shi ne sarkin kayan tafiya. Goyo ne, shimfiɗa ne, inuwa ne, labule ne in za a canja wa yarinya kaya, in aka jiƙa shi kuma ya sauke zafin jiki. Ƙaramar tabarma ko darduma ta zama da salla. In damina ce, a ƙara babbar leda.

Magani

'Yar jaka ce ƙarama, amma kada a fita babu ita. Filasta, auduga, farasitamol na yara da cokalin awonsa, da ƙullin ORS biyu, wato gishiri da sukari na asibiti. A karanta jikin ƙullin: akwai na lita ɗaya, akwai na rabin lita. A zuba duka a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan in zawo ko amai ya kama shi, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Ragowar maganin wata cuta da aka ajiye a gida ba ya cikin wannan jaka.

Yaron da ke da cutar da ake sha wa magani kullum, maganinsa yana jikin uwarsa, ba a jakar da aka bari ƙarƙashin bishiya ba. Mai asma da abin shaƙarsa, domin ƙurar taro tana tayar da ita. Mai farfaɗiya da ƙwayarsa, kuma ba ya hawa abu mai tsawo ko shiga ruwa sai da babba a gefensa. Mai sikila shi ya fi kowa buƙatar ruwa da inuwa da hutu, saboda ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon. A fita da shi da sassafe, a dawo kafin rana ta take. Mai juna biyu kada ta hau abin da ke jijjiga ko juyi da sauri, ko motocin karo.

Alamun da za a bar komai a nemi asibiti: yaro ya yi laushi ba ya amsa magana sosai, jikinsa ya yi zafi rau, ya ƙi shan komai, amai ba tsayawa, ko ya suma. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a shafa masa jiƙaƙƙen zane ana yi masa fifita, a kama hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya 112 ce, amma kuɗin ko-ta-kwanan nan na hannunki shi zai sa ki a mota nan take.

Ɓatan yaro

Tambayi ƙungiya wace ce yaro ya taɓa ɓace mata a taro, ko na minti biyar ne. Ba sai kin ƙara bayani ba, fuskokinsu za su yi.

Abin da ke hana wannan ba shi da nauyi a jaka. Takarda da biro. A rubuta sunan yaro da lambar waya biyu, ta wadda ke tare da shi da ta wani a gida, a sa a aljihunsa ko a maƙala da fil a cikin riga, ƙanana kuma a rubuta musu a damtse. Wadda ba ta rubutu, magatakardar ƙungiya ta rubuta mata tun a taron da ya gabaci fitar. Mai babbar waya ta ɗauki hoton yaran a ƙofar gida cikin kayan da suka sa ranar. In hankali ya tashi, uwa takan manta ko rigar shuɗiya ce ko koriya. Ankon da muke yi wa yara don ado a nan yana da rana, ka ga ɗaya ka ga sauran.

Da an shiga, kafin a kalli ko da biri, a tsaya a nuna wa yara wuri ɗaya da ba ya ɓata, kamar ofishin tikiti ko wata babbar bishiya kusa da ƙofa. A ce musu: “Duk wanda bai gan ni ba, ya zo nan ya tsaya. Kada ka fita ƙofa. Kada ka bi kowa ko ya ce ni na aiko shi. Ka nemi mai kayan aiki ko wata uwa mai goyo, ka nuna mata takardarka.” A sa su maimaita. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara uku, kuma 'yar shekara goma ba babba ba ce, ita ma wasa ta zo yi. A ƙirga kawuna a kowace ƙofa, da bayan kowane wasa, da kafin mota ta tashi.

Waya ta kwana a caji, da kati a ciki. Tocila ƙarama ko da za a yi dare, ko da yake shawararmu a bar wurin da la'asar. Bayan nan ne taro ke cakuɗewa, 'yan yankan aljihu su samu yadda suke so, masu mota su ninka kuɗi. Wadda za ta iya daurewa ta bar ranar Sallah da washegari su wuce, ta je rana ta huɗu ko ta biyar, za ta samu lilon nan dai, layi kuma ya ragu.

A wurin kayan wasa ki yi amfani da idonki. In an rubuta tsawo ko shekarun mai hawa, kada a roƙi mai kula ya yi alfarma. In bel ɗin ya tsinke, ko ƙarfen kariya ba ya kullewa, ko an loda yara fiye da kujeru, a haƙura da tikitin. A gidan zu ba a miƙa hannu cikin keji, ba a ɗora yaro kan shinge don ya gani da kyau, ba a tsokanar biri da abinci. A wanke hannu da sabulu kafin a ci komai.

Yadda ake riƙe kuɗin

A kasa shi uku tun daga gida. Kuɗin motar dawowa da na ko-ta-kwana a lalita ko a ƙulle a jiki, inda hannu ba ya kaiwa. Kuɗin ƙofa da na wasa a 'yar jaka a gaba, ba a baya ba. Canji ƙanana a hannu don kada a fito da dami a gaban jama'a. A nemi canjin tun kafin ranar, domin “babu canji” hanya ce ta cinye ragowar. Kada a dogara da tiransifa ko mai POS: ranar taro sabis yakan tsaya, mai POS kuma da ladansa. Katin banki in ba dole ba ya zauna a gida. Ma'aji da masu riƙe makullai kuwa, ko kusa kada makullin akwati ya je wurin wasa.

In ƙungiya za ta fita tare

Ya fi araha. Mota ɗaya aka yi shata, abinci tukunya ɗaya, idanu da yawa a kan yara. Amma a rubuta sunan kowane yaro da na uwarsa a takarda ɗaya, a ba mace biyu riƙon lissafin kawuna, a yi ciniki da direba a kan zuwa da dawowa da ƙarfe nawa, a biya shi rabi, sauran sai an dawo. Karo-karon fitar a littafi daban, ba ya haɗuwa da na zubi. Wadda ba ta da halin zuwa bana kada a yi mata gori, kuma in ƙungiya ta ga dama ta ɗauki ɗanta ɗaya cikin motar, wannan shawarar ku ce.

Masu sana'ar zoɓo da cincin da ƙanƙara su lura cewa ranakun nan kasuwa ce a bakin irin waɗannan wurare. Sai dai mace ba ta haɗa talla da tsaron yara huɗu a rana ɗaya. A zaɓi ɗaya, ko a yi rana biyu.

Aiki a taro

Zube kayan da kika zo da su a tabarma. Raba 'yan ƙungiya gida uku. Gida na farko uwa ce mai goyon wata takwas da yara biyu. Na biyu kaka ce da jikoki huɗu, ɗaya mai sikila. Na uku mata biyar ne da yara goma sha biyu a motar shata. Kowane gida ya zaɓi abu goma kacal da zai sa a jaka, ya faɗi dalili, ya kuma faɗi abin da ya bari da wanda zai ɗauki jakar. In wani gida ya ɗauki sarƙa ya bar buta, kada ki ce komai, sauran za su faɗa. Daga nan a koma kan abin da aka rubuta a allo da farko, a ga ko akwai abin da 'yan ƙungiya suka ambata wanda darasin bai kawo ba, a ƙara shi.

Kafin taro mai zuwa

Mutum biyu su ɗauki nauyin samo farashin ƙofa da na kayan wasa a wuri mafi kusa da ku, da amsar ko ana shiga da abinci. Duk mai niyyar fita ta zo da nata lissafin, a takarda ko a ka: mutum nawa, jimilla nawa, mako nawa ya rage, nawa za ta riƙa ajiyewa. Magatakarda ta zo da biro da 'yan takardu don rubuta lambobin waya.